Hoto a Ɗaki Mafi Tsada

"Wannan shi ne ɗakinmu mafi tsada," in ji Caroline, manajar masaukin, tana tura ƙyauren kara.

Hammadu ya dubi matarsa Baiwa yana murmushi. Albashin wata biyu ya zuba don ta kwana inda Turawa ke kwana, a bakin gulbi, gefen Gulma. Rabonsa da ƙauyen nan nasu shekara talatin. Ta waya ma ya sayar da gidan gado, ya ce mai hankali ba ya zama cikin laka.

Ɗakin laka ne da rufin ciyawa. Babu wuta, babu fanka, sai randa da tabarma. Caroline ta ce da gangan aka yi haka, don kare muhalli.

"Kin gani ko? Wayewa ke nan," in ji Hammadu.

A tsakar ɗakin akwai wani guntun icce a kafe, an shafe shi da mai yana ƙyalli. Caroline ta ce kayan tarihi ne, baƙi na rububin hoto da shi. Hammadu ya tsuguna ya rungume shi, ya ce Baiwa ta ɗauka.

Tsohon da ya shigo musu da kaya ya tsaya yana ƙare masa kallo.

"Ba Hammadu ɗan Ikrima ba ne? Barka da dawowa gida. Wanga turken jakin babanka ne, nan shika kwana."

Baiwa ta ɗauki hoton.

"Shi kau kyauta," tsohon ya ƙara, "har da dussa."