Tsagar Inna Ta Dawo

Yaya Habi, kina jina? Wallahi yau na yi kukan daɗi! Kin san tun da wayoyin nan suka fara gyara hoto da kansu, hotunan Innarmu duk sun koma na wata mata, fuska sumul, ba tsaga, ba wushirya. Shekara ɗaya da rasuwarta, har na fara manta kamanninta.

To, kin tuna ajin koyon zane na Malama Tasalla da na sa Zuwairata, wanda kike cewa wasan ƙasa ne. Wata uku suna zana da'ira da gawayi, suna cuɗa yumɓu, suna haɗa kala. Wai sai ido ya koyi kallo kafin hannu ya motsa. Na ce, "Malama, yaushe za a fara abin kirki?" Ta ce, "Maman Zuwaira, ƙyale yarinya ta ɓata takarda."

Yau na je ɗauko ta, sai yarinyar ta miƙo min takardar da ta yi zane a kai. Inna ce, Yaya! Tsagarta uku-uku a kumatu, har yadda take karkata ɗankwali. Kunne ɗaya ya fi ɗaya girma, amma ita ce. Na durƙusa ina ta yi wa Malama godiya.

Na ciro waya zan turo miki, Malama ta riƙe min hannu. Ta ce kafin hoton ya iso wurinki an goge tsagar.

Na adana shi a ƙasan akwati. Ki shigo mota ranar Juma'a ki ga uwarki.