Gangar Amadu

Alhaji Bukar, dilan baƙin mai, ya buga wata takarda a kan teburin Amadu mai sayar da baƙin mai, ransa na tafasa. 'Yan baburan unguwar New Bell da ya tattaro suna tsaye bayansa.

"Karanta musu, macuci. Kai kake kashe musu injuna. Na kai manka ɗakin gwaji an gwada, ga sakamakon. Da suka gasa shi, ko rabin lokacin da mai na kirki ke ɗauka bai kai ba ya koma kamar kwalta."

Amadu ya karanta a hankali, sannan ya mirgino gangar man da yake sayarwa.

"Alhaji, tun da ka daina amsa gaisuwata nake aika mutum ya saro mini a wajenka. Duba murfin."

Sunan Bukar ne a jiki, da rubutun hannunsa.

'Yan baburan suka juyo kan Bukar.