Sabulu Ɗan Duwala

Jami'in kwastan ya juya sabulun, ya karanta abin da aka buga a jikin ledar: an yi a Kamaru. Sai ya miƙo wa Ɗanbala, mai shagon, tafin hannu.

"Mbeti," in ji shi da yaren Sango. Takarda yake nufi.

Dokar dai ko mai tura baro a Titin Koudoukou ya san ta. Kayan da aka yi a Kamaru suna shigowa Bangui da rangwamen haraji, amma sai da takardar shaidar asalinsu, kuma ɗan kasuwa zai adana ta ko bayan kayan sun ƙare. Aka ba Ɗanbala zuwa Juma'a, in babu ita a kwashe kaya a garƙame shago.

Shi kuwa wajen adana takarda ba daga nan ba. Ta ashana, ta man girki, ta bokitin roba, duk suna cikin jakarsa. Ta sabulun nan ce kaɗai babu, kuma sabulun ne ke riƙe da shagon. Matan unguwar Kilomita Biyar rububinsa suke yi. Yakan ɗaga shi sama yana cika baki: "Ɗan Duwala ke nan! Kwaɓe-kwaɓen cikin gari ko kyauta ba na ajiyewa."

Zakari, ƙanin matarsa, shi ke kawo shi a bayan babur, wani lokaci ma da sauran laushi, ya ce zafin hanya ne. In an tambayi takarda sai ya sosa ƙeya: "Tana wurin direba, Yaya."

Yanzu wayar Zakari a kashe. Ɗanbala ya je tashar manyan motocin Kamaru, direbobi suka ce ko allura ba su taɓa ɗauko wa Zakari ba. Ya garzaya wurin wani dillali mai fitar da kaya a kwastan. Mutumin ya duba sunan kamfanin, ya buga waya Duwala, ya girgiza kai.

"Babu kamfani mai wannan suna. Ledar jabu ce. Hanya ɗaya ta rage maka: ka miƙa wanda ya yi shi, ya tafi gidan yari, kai ka tsira da shagonka."

Ɗanbala ya tashi ya fito. Shagon nan shi kaɗai rikicin gari ya bar masa, ga shi zai tafi yana ji yana gani.

Ranar Alhamis ya kasa zaman kasuwa, ya koma gida. Matarsa Ikilima ba ta nan, kullum tana unguwar Kokoro wajen jinyar mahaifiyarta, har hannuwanta sun tsattsage, ta ce wankin tsohuwa ne. Da la'asar ta shigo ta tarar da shi ya haɗa kai da gwiwa.

"Ƙaninki ya kashe ni," ya ce. "Ki roƙe shi don Allah, suna kawai nake so. Wallahi ko ɗan uban wane ne ke yin sabulun nan, gobe da hannuna zan miƙa shi."

Ikilima ta zauna a bakin tabarma. Ta ɗago ta dube shi.

"Baban Amira, ba sai an nemo Zakari ba. Leda kawai yake bugowa. Sabulun ni nake dafa shi a bayan ɗakin Inna."