Jirgin Ƙarfen Tukunya

Ƙarar tsagewar ta cika zauren gwaji, kowa ya yi tsit. Injiniyar da ta zana jirgin ba ta ko dubi ɓarakar ba, allon awo ta zuba wa ido.

Ta daɗe tana shan dariya a wannan ma'aikata ta bakin tekun Busan, wai za ta ƙera wa sojan ruwa jirgin yaƙi da alminiyam, ƙarfen tukunya. Yau injina sun wuni suna lanƙwasa wani sashe na gangar jikin jirgin, yadda igiyar ruwa za ta yi masa. Bai tsage ba sai da ya ɗauki ninkin nauyin da aka nema.

Masu walda suka ɓarke da ihu. "Shugaba, tukunyarki ta yi! Yau gasasshen nama a wuyanki yake, kada ki gudu!"

Tana dariya har da ƙwalla, sai ga Kyaftin ɗin da rundunar ta turo ya nufo ta. Mutumin nan ya sha dawo mata da zanenta, bai taɓa yi mata murmushi ba. Ta daina dariya.

"Ranka ya daɗe, da sauran gyara ne?"

Ya cire hularsa, ya rusuna mata a gaban kowa. Da ya ɗago, fuskarsa cike take da fara'a.

"Babu, Injiniya. Yau hankalina ya kwanta. 'Yata ce za ta tuƙa shi."