Faifan Da Ya Ƙi Kwamfuta

Tunda ka ce sabon abu ne kaɗai ke aiki, bari in ba ka misalin wani mai gyaran kwamfuta da aka yi a wani gari na bakin kogi. Gwani ne na gaske, in ya ce na'ura ta mutu to sai dai a haƙa mata rami, kuma shi ma ya san shi gwani ne, nan gizo ke saƙar. Mahaifiyarsa ta tsufa, ido ya tafi, ciwo kuma ya kwantar da ita har likita ya ce a mai da ita gida a ci gaba da addu'a. Abu ɗaya tak ta roƙe shi. Tana da ƙane, autansu, mai fito da kwalekwale, wanda ruwa ya ci shekara ashirin da suka wuce, kafin rasuwarsa kuwa wasu masu shirya fim sun taɓa ɗaukarsa yana tsallakar da 'yan wasansu. Ta ce muryarsa ta fara ɓace mata a kunne, tana so ta ƙara ji kafin ta bi shi. Kwana tara ɗan ya yi yana cigiya, har Allah Ya haɗa shi da faifan fim ɗin a ƙasan wani kwali, na asali, da tambarin kamfani, ko ƙwarzane ɗaya babu. Ya zura shi a kwamfutarsa mai tsada yana murmushi. Faifai ya juya, ya yi ƙugi, ya tsaya, ya sake juyawa, can sai kwamfuta ta ce ita ba ta ga komai ba. Ya goge idon na'urar da auduga, ya sauya abin karanta faifan har sau uku, ya shafa wa faifan man goge baki kamar yadda 'yan sana'ar ke yi, ya ɗauraye, ya shanya. Duk a banza. Tsoro ya kama shi, don a gida tsohuwa kullum sai ta tambaya, kullum kuma muryarta ƙara yin ƙasa take. Da ya ɗaga faifan a rana sai ya ga kamar wani siririn zobe a jikinsa, ya yanke hukuncin nan ne ya lalace. Ya jawo injin goge faifai zai kankare samansa, alhali ya san in ya zarce ko da kaurin gashi ne, shi ke nan, kuma babu wani kwafin a garin.

Ya kai hannu ke nan sai maƙwabcinsa, wani dattijo mai gyaran rediyo wanda shi gwanin ke wa kallon mutumin da, ya riƙe masa wuyan hannu ya ce, "Ɗana, faifan nan ba ciwo gare shi ba, kulle shi aka yi." Ya bayyana masa cewa masu fim ɗin, saboda gudun masu kwafar kayan mutane, da gangan suka haƙa ramukan ƙarya a cikinsa. Kwamfuta, don tsabar ƙwaƙwa, sai ta leƙa kowane lungu ta tabbatar, shi ya sa take faɗawa ramin farko ta kasa fita. Tsohuwar na'urar kallon faifai kuwa ba ruwanta da bincike, hanyar da aka nuna mata kawai take bi. Gwani ya janye hannunsa daga injin. Shekara goma sha biyar yana cin abinci da na'ura, bai taɓa kawo wa ransa cewa mutum zai iya zama ya gina wa mai wayo tarko a kan abin da bai fi tafin hannu ba, ya kuma bar wa marar wayo ƙofa a buɗe. Irin wannan na'urar akwai ta a ɗakin mahaifiyarsa, an ɗora mata jeren langa a kai, ya ma sha cewa a ba 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ya je ya sauke kwanukan, ya hure ƙura, ya jona ta da talabijin bayan la'asar. Bakinta ya buɗe da ƙyar yana ƙara, ya haɗiye faifan, kafin gwani ya gyara zama sai ga kogi ya cika allon, ruwa na sheƙi. Ya yi ta turawa gaba har inda kwalekwale ya taso, sai wata murya mai kauri ta cika ɗakin: "Ku zauna tsakiya, Allah Ya tsallakar da mu lafiya." Tsohuwar da ta kwana uku ba ta iya ɗaga kai ba ta yunƙura, ta juyo da fuskarta wajen da sautin ya fito, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Amin, Auta." Gwani ya durƙusa a bakin gadon yana ta tasbihi, ya rasa wanne ya fi ba shi mamaki, mamacin da ya yi magana ko akwatin da ya raina. Sau bakwai ta sa ya mai da wurin baya, sau bakwai tana amsawa.

To ka ji, malam. Ba a banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.