Kilo Sittin da Ɗaya

Takardar ta shigo wayar salular Illa bayan azahar, yana zaune a ƙofar shagonsa a Madawa yana kankare bakin wani turmi. Hoto ne daga Samira, matar da ke yi masa takardun duwan, wato kwastan, da na jirgi a Yamai. Ya buɗe, ya kai idonsa wurin nauyi. Kilo ɗari biyu da talatin da ɗaya.

Shekaranjiya shi da kansa ya ɗora akwatin kan ma'aunin masu albasa. Turame shida, tabarmi arba'in, haɗe da katakon akwatin, ɗari da saba'in cif. Wani mai shago ne a Faransa ya nemi kayan, ya ce in ba su iso kafin Salla ba zai nemi wani. Illa ya buga ƙusoshin da hannunsa, ya huda ramuka huɗu a gefe kamar yadda yake yi wa kowane akwati, ya sa shi a kamiyon Yamai, babbar motar kaya.

Sittin da ɗaya sun ƙaru a hanya. Abu guda Illa ya sani a duniya mai wannan nauyin. Ƙanensa Mutari ya taɓa hawa ma'aunin nan yana dariya, allurar ta tsaya daidai nan. Mutari da ke cewa kullum, ko cikin kaya ne sai ya fita garin nan.

Wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ya bar shagon a buɗe.

A gida ya tarar da mahaifiyarsu Jima tana bakace gero.

"Inna, ina Mutari? Yaushe rabonki da shi?"

Ta ajiye faifan a hankali.

"Zamna ka sha ruwa, Illa."

Bai zauna ba. Ɗakin Mutari na kulle, ya leƙa ta tsagin ƙofa. Gado a gyare, takalman ƙwallo rataye a ƙusa, wani siririn haske ya kwanta a kan matashi ba wanda ya tashe shi. Ya kira lambarsa. Muryar macen nan ta kamfanin waya ta amsa da Faransanci, ta faɗi abin da ta saba faɗi.

A fadar su Mutari, samari na zaune kewaye da butar shayi. Da ya tambaya, kowa ya zuba ido cikin kofinsa. Faruƙ, babban abokin Mutari, ya ce a hankali, "Yaya Illa, tahi gida ka huta." Illa ya dubi fuskokinsu, ya tabbata sun san wani abu.

Ya tsaya a bakin godoro, babban titi, yana lissafi da yatsu. Kwana biyu. Rana a kan katako tun daga Ƙonni har Doso. Ba ruwa. Sai ya tuna a filin jirgi ana naɗe kowane akwati da leda, zagaye bisa zagaye, har ramukansa huɗu su toshe. Bayan leda kuma sai cikin jirgi, can sama inda ba mai jin bugun hannu.

Ƙarfe huɗu ake loda kaya. Saura minti ashirin. Ya kira Samira.

"Hajiya Samira, a buɗe akwatin ga. Mutari na ciki."

Ya ji ta ja numfashi.

"Illa, saurara mini. Jirgi wuri yake saidawa, ba nauyi kaɗai ba. Sun auna tsawo da faɗi da tsayi, suka fitar da wannan lambar. Nauyin takarda ne. Na sha gaya maka."

"Sittin da ɗaya, Hajiya. Ba sittin ba, ba saba'in ba."

"In aka kwance shi, ya rasa jirgin yau. Na gaba sai bayan Salla. Mutuminka na Faransa ba zai jira ba."

"Shi tahi. A buɗe."

Sannan ta mayar da kiran na bidiyo.

Ya ga akwatinsa a tsakiyar wani babban sito, yana ƙyalli cikin leda. Ma'aikata biyu suka matso, ba su tambayi dalili ba. Ƙarfen ɓalle ƙusa yana jingine a jikin akwatin tun kafin ta yi magana. Suka yanke ledar. Ƙusa ta fari ta fita da kuka.

Illa ya manna salular a bakinsa. "Mutari," ya ce, ƙasa ƙasa, kamar mai tashin wanda ya makara sallar asuba. "Yi haƙuri. Ga su nan."

Murfin ya ɗaga. Aka fara fitar da tabarmi, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa tare da su. A ta talatin ya durƙusa cikin yashi. Arba'in. Turame shida, bakunansu a buɗe suna kallon rufi. Samira ta sa kyamarar har cikin kusurwoyi huɗu. Katako ne da ɗan ɓurɓushin kaba.

A bayanta, wata ƙaramar mota ta ja sauran kayan zuwa jirgi.

"Na gode, Hajiya," ya ce.

"Allah ya ba ka lafiya, Illa."

Ya koma gida a ƙasa, ƙirjinsa sakayau, yana jin ƙanshin hayaƙin girkin maraice kamar yau ya fara jinsa. Inna na nan inda ya bar ta, geron bai ragu ba.

"Ba shi ciki, Inna. An duba."

"Na sani, ɗana."

Ta miƙa masa ruwan, wannan karon ya sha. Ba ta ce masa wannan ne akwati na uku da ya sa aka buɗe ba. Ba ta kuma tuna masa damina biyu ke nan da aka ciro Mutari a Abalak, ba rai, daga ƙarƙashin lodin tabarmi na kamiyon Agadas, wanda Illa da hannunsa ya ja wa tampol ya ɗaure.