Tsohuwar Motar Malamin Dabbobi

Kai da kake tambaya abin da ya raba tsohuwar mota ta asali da wadda aka kwaikwaya, zauna ka ji wannan misali.

An yi wani malamin dabbobi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin rugage yana yi wa shanu allura, cikin wata koriyar motar daji, irin mai kafaɗar nan da ba ta san kwalta ba. Rairayi, taɓo, rafi, duk hanya ne a wurinta. Da ya ajiye aiki sai ya saye ta a gwanjo, ya ci gaba da lallaɓa ta har ƙarfinsa da nata suka ƙare tare. Aka ɗora ta kan bulo a bayan gida, kaji suka mai da ita akurki. Daga baya ciwon ido ya tafi da ganinsa, hirarsa ta koma ta motar nan kaɗai. Ɗansa, wani ɗan kasuwa mai son mahaifinsa ƙwarai, ya ƙudurta a ransa cewa kafin ta Allah ta kasance sai ya tayar da ita, ya zaunar da tsohon a ciki, ya sake jin kansa a inda ya fi sani. Bai gaya masa ba. Ya sa aka ja ta a ɓoye zuwa garejin wani bakanike da ya san irin waɗannan motoci.

Bakaniken ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, ya ce za ta tashi. Ƙofa a yi mata walda, inji a sauke a wanke a mayar, sitiyari a bar shi yadda yake. Ya ce muddin ƙashin bayanta, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, da injinta na nan, ita ce, ko da jikinta duk tabo ne. To, a nan ƙauna ta yi wa yaron nan ɓarna. Kunya ta kama shi: yana da hali, a ce ya ɗora mahaifinsa kan faci? Duk abin da aka nuna masa, a gyara ko a canza, sai ya ce a canza. Aka ƙera sabon jiki daidai da tsohon, aka ɗinka sababbin kujeru, aka sa sabon sitiyari, aka kawo inji mai lafiya daga wata motar. Da aka zo kan ƙashin bayan, bakaniken ya yi ta ba shi baki, shi kuwa ya ce ai nan ne ma tsatsa ta fi ci. Mai abu da abinsa, aka canza. Tsofaffin ƙarafan da suka taru a gefe 'yan gwangwan suka auna a sikeli suka loda a kura. Aka fesa koren fenti, aka maƙala tsohuwar lamba. Duk wanda ya gani sai ya riƙe baki ya ce wallahi ita ce sak, har ta fi da kyau, shi kuwa ɗan sai murna.

Wata safiya ya kamo hannun tsohon ya kawo shi gabanta, ya ce, "Baba, taɓa ka ji." Tsohon ya lalubo mariƙin ƙofa, ya sa gwiwa zai ɗaga ta kamar yadda hannunsa da ƙafarsa suka saba, sai ƙofar ta buɗe salin-alin tun gwiwar ba ta taɓa ta ba. Ya shiga ya zauna, ya gyara zama, ya sake gyarawa, kujerar ba ta san shi ba. Ya bi sitiyarin da tafin hannu har ya zagayo, yana neman inda ya tsage wani Bafulatani ya naɗe masa da tsirkiyar fata, bai samu ba. Ya shaƙi iska, ba warin maganin shanu, sai na sabuwar roba. Ya ce a tayar. Aka murɗa makulli, inji ya kama lumui ba tari ba gardama. Ya karkata kai ya saurara har ya gamsu, sannan ya juyo inda yake jin numfashin ɗansa, fuskarsa a sake.

"Kai, wannan mota ta yi. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka kashe ta da kanka. To, tun da yau ka fito da ni, zagaya da ni bayan gida in gaisa da tawa."

Ɗan ya tsaya riƙe da ƙofa. Ba ƙarya ya yi niyya ba, ba rowa ya yi ba, amma babu inda zai kai shi. Motar da tsohon ke nema ta daɗe da narkewa a tukunyar masu ƙarfe, shi da kansa ya sallame ta gunduwa-gunduwa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.